Shago daban, sito daban: inda bayanai ke kwana idan kana aiki da Docker

Wata Laraba da hantsi, ranar da kasuwar Nima ke cika babu masaka tsinke, wayata ta yi ƙara. Yaron da ke koyon aikin kwamfuta a wurina ne, murya na rawa. "Yaya, littafin bashin Hajiya ya ɓace. Babu komai a ciki."

Hajiyar tana sayar da shinkafa, man girki da tumatirin gwangwani a sari. Masu dafa wake da shinkafa na unguwar da yawa a wurinta suke ɗaukar kaya, sai sun sayar su biya. Yaron ya haɗa mata 'yar manhajar da ke rubuta wa ya ɗauka, wa ya biya, nawa ya rage, ya ɗora ta a kan wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburin shago, cikin Docker, wato tsarin da ke tayar da manhaja a cikin wani keɓantaccen akwati da ake kira kontena. Bayanan kuma wata manhajar rumbun bayanai mai suna Postgres ce ke riƙe su. Wata bakwai tana aiki lafiya lau. Daren Talata ya yi wani ɗan gyara, ya buga `docker compose down`, ya bi da `docker compose up`. Manhaja ta tashi fes, amma ko sunan mutum ɗaya babu.

Na ce masa, "Ina ka gaya wa Postgres ya riƙa ajiye bayanan?" Ya ce, "A cikin kontena mana, Yaya." Na ce ya ɗauke hannunsa daga kwamfutar, kada ya sake buga komai, ga ni nan tafe.

A ganina sunan ne yake fara ruɗin mutane, musamman mu nan Ghana. Kontenar da muka sani ita ce wadda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, ko wadda maƙeri ya haɗa aka kafa a bakin titi daga Mamobi har Madina. Ƙarfe ce, a sa mata kwaɗo biyu, kaya su kwana a ciki. To kontenar Docker, wadda Solomon Hykes ya fara nuna wa duniya a 2013, ta fi kama da teburin mai shayi: a kafa da yamma, a kwashe da asuba, gobe a sake kafa wani iri ɗaya. Da niyyar rushewa aka yi ta. Duk lokacin da ka sabunta manhaja, ba a gyara tsohuwar kontena, jefar da ita ake yi a tayar da sabuwa.

Dalilin yana cikin yadda aka gina ta. Kowace kontena daga imej take fitowa, kuma imej kamar abin buga bulo ne, da guda ɗaya za ka buga ɗari, duk kamarsu ɗaya. Imej ɗin hawa-hawa ne, kuma babu hawan da ake iya rubutu a kai. Idan kontena ta tashi, sai Docker ya shimfiɗa mata wani siririn hawa nata ita kaɗai a sama, duk abin da manhajar ta rubuta a nan yake sauka. Idan ma fayil ɗin da ke ƙasa ta so gyarawa, sai an kwafo shi gaba ɗayansa zuwa wannan hawan kafin a taɓa shi, ko da harafi ɗaya za a canza a fayil mai girman gigabait biyu. Shi ya sa wannan wuri bai dace da rumbun bayanai mai rubutu dare da rana ba, ko da ba a yi maganar ɓata ba. Idan ka tsayar da kontena da `docker stop`, hawan yana nan. Ko wuta aka ɗauke, yana nan. Amma da `docker rm`, ko `docker compose down` wanda ke share kontenonin aikin duka, hawan ya tafi da abin da ke cikinsa.

Kowane ɗan kasuwa ya san shago daban, sito daban. Ana iya tashin shago, a sake fenti, a koma wani layi, buhunan shinkafa suna can sito ba abin da ya same su. Wannan siton shi ne abin da 'yan sana'ar ke kira boliyum, a umarni kuma ana rubuta shi `volume`. Wuri ne a kan faifan kwamfutar, a wajen kontena, da ake jona shi da wata folda ta cikin kontenar. Manhajar na ganin foldarta take rubutawa, alhali rubutun waje yake fita.

Hanyoyin ajiya uku ne. Ta farko, mafi sauƙi kuma mafi kwanciyar hankali, ita ce sito mai suna. Ka raɗa masa suna, Docker ya yanka masa wuri ya riƙa kula da shi. A Linux yana zama a `/var/lib/docker/volumes/`, cikin folda mai sunansa, bayanan kuma a `_data`. Ga abin da ya kamata yaron ya rubuta tun ranar farko a fayil ɗin Compose, wato kayan aikin Docker da ke tayar da kontenonin aiki daga fayil ɗaya:

```
services:
  db:
    image: postgres:16
    volumes:
      - bashi:/var/lib/postgresql/data
volumes:
  bashi:
```

Hagun aya biyu sunan sito ne, dama kuma wurin da Postgres ke zuba bayanansa a cikin kontena. Da MySQL ne, wani rumbun bayanan daban, `/var/lib/mysql` za a sa. Layi huɗu ke nan suka raba shi da tashin hankalin ranar Laraba. Irin wannan sito yana da wata ɗabi'a mai amfani: idan sabo ne fil, kuma foldar da aka jona shi da ita tana da kaya tun daga imej, Docker yakan kwafe kayan zuwa cikinsa tare da bayanin wanda ya mallake su. Sau ɗaya tak yake yin haka, lokacin da siton yake wayam.

Hanya ta biyu ita ce ɗaura foldar gida, wadda a umarni ake kira `bind`. A nan kai ne ka zaɓi folda a kwamfutarka, ka ce wa Docker ya leƙa da ita cikin kontena, misali `./hotuna:/app/hotuna`. Tana da daɗi lokacin rubuta manhaja, ka gyara fayil a waje, nan take ka ga canjin a ciki. Tana kuma da kyau ga fayilolin saiti, musamman idan ka ƙara `:ro` a ƙarshe domin kontenar ta karanta kawai, ba ta isa ta goge ko ta canza ba. Amma ita ba ta kwafe komai. Rufe abin da ke ƙasa take yi, kamar an shimfiɗa tabarma a kan kuɗi. Ka ɗaura folda wayam a kan foldar da manhaja ke ajiye kayan aikinta, sai ta tashi tana kukan ba ta ga fayilolinta ba, alhali suna nan a ƙarƙashi.

Ta uku `tmpfs` ce, wadda ke zaune a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, ba ta taɓa faifai. Kontena na tsayawa, ta shafe. Ta dace da tarkacen da ba a son ya kwana, shi ke nan labarinta.

Da na isa shagon, Hajiya na zaune a kan buhu tana jan carbi, ba ta ce uffan ba. Na buga `docker volume ls`. Sai ga layi biyu, kowanne da suna mai haruffa da lambobi 64, babu kai babu gindi. A nan hankalina ya kwanta. Waɗanda suka haɗa imej ɗin Postgres sun san halin mutane, sai suka rubuta a cikinsa cewa foldar bayanai dole ta zauna a boliyum. Idan ba ka ba shi naka ba, Docker zai ƙirƙiro wani marar suna ya jona. Abin da ya rufa wa yaron asiri wata bakwai shi ne, duk gyaran da ya yi a baya da `up` kaɗai yake yinsa, kuma Compose idan zai musanya kontena ta wannan hanya yakan miƙa wa sabuwar siton tsohuwar. Amma bayan `down` babu tsohuwar da za a gada. Sabuwar kontena ta samu sabon sito wayam, tsohon kuma ya zama maraya a gefe, cike da bashin mutane.

Na duba ranar haihuwar kowanne da `docker volume inspect`, ɗaya na daren jiya, ɗaya na wata bakwai da suka wuce. Na jona tsohon da wata 'yar kontenar Alpine, wato ƙaramar Linux, da `:ro`, don kada hannu ya kuskure, na leƙa. Ga kayan Postgres nan: ga `PG_VERSION`, ga `base`, ga `pg_wal`. Muka tsayar da Postgres, muka buɗe sito mai suna, muka kwashe komai zuwa cikinsa da `cp -a`, wanda ke riƙe mallaka da izinin kowane fayil yadda suke. Kafin azahar sunaye sun dawo. Hajiya ta ce, "Ɗana, wannan abin naku yana da aljanu ne?" Na ce a'a Hajiya, mu ne ba mu nuna masa sito ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali daga baya na ji shi. Kafin ya kira ni, yaron ya ga shawarar wani a intanet cewa ya buga `docker volume prune` don "ya tsabtace komai ya fara sabo". Wannan umarnin aikinsa ke nan, share duk sito marar suna da babu kontenar da ke riƙe da shi. Saura ƙiris. Tun daga Docker 23 ba ya taɓa masu suna sai ka ƙara `-a`, amma a tsofaffin Docker har su yake haɗawa ya kwashe. Shi ma `docker compose down -v` haka yake, wannan ƙaramin `-v` ɗin yana tafiya da siton aikin, mai suna da marar suna, kuma ba ya tambayar ko ka tabbata. Babu kwandon sharar da za ka je ka tono.

Ko da ka yi sito mai suna, akwai ramukan da mutane ke faɗawa. Na farko, Compose ba ya barin sunan yadda ka rubuta. Sunan foldar aikin yake liƙa masa a gaba. Idan foldar `shago` ce, siton zai zama `shago_bashi`. Ranar da ka canza sunan foldar zuwa `shago2`, ko ka kwafe aikin wani wuri, Compose zai nemi `shago2_bashi`, ya rasa, ya buɗe sabo ba tare da ya ce maka komai ba. Ka sake ganin manhaja wayam, gumi ya sake karyo maka. Maganinsa shi ne ka ƙayyade sunan da `name:`, ko kuma, abin da na fi so idan bayanan kuɗin mutane ne, ka ƙirƙiri siton da hannunka ka sa masa `external: true`. Da wannan, idan babu shi Compose zai ƙi tashi maimakon ya ƙirƙiro wani, kuma `down -v` ba ya share shi. Na fi son manhajar da ta ƙi tashi tana ihu a kan wadda ta tashi tana murmushi da ciki wayam.

Irin wannan shirun ne ke tattare da `-v` a `docker run`. Ka yi kuskuren harafi ɗaya a hanyar foldar gida, zai buɗe sabuwar folda da wannan kuskuren, mallakar `root`, babban mai iko a kwamfutar, ya ci gaba abinsa. Shi kuwa `--mount` tsayawa yake ya ce foldar ba ta nan. Ya fi tsawon rubutu, amma shi nake koya wa yara.

Sai maganar izini, wadda ta fi kowace cinye wa mutane dare. Linux bai san suna ba, lamba ya sani. Mai amfani na farko a Ubuntu lambarsa 1000. Postgres a imej ɗinsa na yau da kullum lambarsa 999, a na Alpine kuma 70. Idan ka ɗaura foldar gida, lambobin nan ne ke karo da juna: manhajar da ke gudana da wata lamba ta kasa rubutu a foldarka, ko ta rubuta fayilolin da kai mai kwamfutar ba ka isa ka buɗe ba. A bes ɗinmu, wurin shan ataya, da wani ya kawo wannan kukan za ka ji an ce "sa masa 777 kawai". Wato ka buɗe wa kowa foldar, kamar ka cire ƙofar ɗaki don makulli ya ƙi buɗewa. Postgres ma ba ya yarda ya tashi a kan foldar bayanan da kowa ke iya shiga. Abin yi shi ne ka gano lambar da manhajar ke gudana da ita, ka miƙa mata foldar da `chown`, ko ka sa kontenar ta gudana da lambarka ta hanyar `user:`. A Linux irin su Fedora, inda wani tsari mai suna SELinux ke tsaro, ko lambobi sun dace sai ka ƙara `:z` ko `:Z`. Sito mai suna ya fi sauƙi a nan, tunda tun farko yakan ɗauki mallaka daga imej.

Daɗewar sito ita ma tana da nata ciwon kai. Kalmar sirrin da ka sa a `POSTGRES_PASSWORD` ranar farko kaɗai ake karanta ta, lokacin da siton yake wayam. Ka canza ta a fayil bayan wata uku, Postgres ba zai kula ba, tsohuwar ce ke aiki. Haka nan bayanan da Postgres 16 ya rubuta, 17 ba zai buɗe su kai tsaye ba. Wanda ya rubuta `postgres:latest` ya ɗaura wa kansa tarko, wata rana zai jawo sabon imej ya ga rumbun ya ƙi tashi. Daga na 18 ma an sauya wurin jona siton zuwa `/var/lib/postgresql`. Ka rubuta lambar da kake so ƙarara, ka canza ta ranar da ka shirya.

Masu aiki da laftof mai Windows, wanda su ne suka fi yawa cikin yaran da ke zuwa wurina, su sani Docker ɗinsu a cikin wata 'yar Linux ta ɓoye yake zaune, wato WSL 2. Sitonsu yana cikin faifanta, ba za su gan shi a `C:` ba. Idan kuma suka ɗauro folda daga `C:`, kowane karatu da rubutu sai ya tsallaka iyaka tsakanin tsarin biyu, aiki ya yi nauyi kamar motar haya ta trotro a cunkoson shataletalen Circle na Accra da yamma. A ajiye aikin a ɓangaren Linux ɗin.

Bayan an dawo da littafin Hajiya, yaron ya ce, "Yanzu dai bayanan sun tsira ko, Yaya?" Na nuna masa kwamfutar, tsohuwa, ƙura ta cika fankarta, ga buhunan shinkafa sun matse ta. Sito yana kare ka daga rushewar kontena ne kawai. A kan faifai ɗaya yake da komai. Faifan ya mutu, ruwan damina ya shigo shago, ɓarawo ya ɗauke akwatin, duka sun tafi tare. Mu da muka sha dumso a 2015 mun san abin da ɗauke wuta da dawo da ita babu sallama ke yi wa kayan lantarki. Postgres yana da dabarar rubuta abin da zai yi a `pg_wal` kafin ya yi shi, saboda haka yakan farfaɗo bayan an ɗauke wuta, amma fa sai idan faifan yana faɗin gaskiya lokacin da ya ce ya gama rubutu, kuma masu arha ba duka ke yi ba. Ƙaramin batirin riƙe wuta yana rage wannan haɗarin.

Kwafin ajiya kuwa yana da ƙa'ida. Kada ka kwafe foldar rumbun bayanai yana tsaka da aiki, za ka iya ɗaukar rabin rubutu, kwafin ya zama hoto kawai. Ko dai ka tsayar da shi tukuna ka naɗe siton da `tar` ta cikin wata 'yar kontena, ko ka bar shi ya fitar da kansa da `pg_dump`, wanda ke ba da kwafi cikakke ko da ana cikin ciniki. Ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe suna bi ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ga Hajiya, hakan ya zama kwamfutar shago, filashi a jakarta, da wani kwafi a intanet. Na intanet ɗin mun kulle shi da kalmar sirri kafin ya fita, domin sunaye ne da lambobin waya da bashin mutane, kuma Ghana tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2012, mai lamba 843. Ko babu doka, bashin mutum sirrinsa ne. Na kuma sa yaron ya ɗauki kwafin ya zuba shi a sabon sito a laftof ɗinsa ya ga ko zai tashi. Karon farko bai tashi ba. Fayil ɗin wayam ne, ya yi kuskure a sunan rumbun, umarnin ya gaza amma ya bar fayil mai suna mai kyau.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne sito na yau da kullum ba shi da iyaka. Zai yi ta girma har ya cinye faifan, kuma idan faifai ya cika duk kontenonin da ke kai tare suke durƙushewa. Sau da yawa ma ba siton ne mai laifi ba, rahoton aiki ne da kontena ke fitarwa, wanda Docker ke tarawa babu iyaka sai ka sa masa `max-size`. Buga `docker system df -v` lokaci-lokaci zai nuna maka siton da ke cin wuri, amma ba ya ƙirga rahoton aikin.

Duk wannan a kan kwamfuta ɗaya ne. Idan aiki ya girma ya koma injuna da yawa, sai a shiga Kubernetes, tsarin da ke sarrafa kontenoni a kan injuna da yawa, wanda Google ya fitar a 2014. A can kontena na iya kwana a wannan inji ta wayi gari a wancan, saboda haka siton da ke manne da inji ɗaya ba shi da amfani. Sai suka raba aikin kamar neman ɗakin haya a Accra. Manhaja ta rubuta buƙatarta, gigabait kaza, irin shiga kaza, wannan ita ce `PersistentVolumeClaim`. Ɗakin da aka ba ta shi ne `PersistentVolume`. Dillalin da ke samo ɗakin shi ne `StorageClass`, sai dai shi ba ya neman kuɗin haya na shekara biyu. Yawancin faifan da kamfanonin girgije, masu ba da hayar injuna ta intanet, ke bayarwa `ReadWriteOnce` ne, ma'ana inji ɗaya ne zai iya jona shi ya yi rubutu a lokaci guda. Idan kana son injuna da yawa su rubuta wuri ɗaya, sai ka nemi irin su NFS, wato tsarin raba folda ɗaya tsakanin injuna. Tarkon yaron Hajiya ma yana can, ya canza riga kawai: ɗakin da dillali ya samo da kansa, tsarinsa na asali `Delete` ne. Ka share takardar buƙata, faifan ya bi ta da duk abin da ke ciki. Idan bayanan masu daraja ne, a mayar da shi `Retain` tun kafin a zuba komai.

Shagon Hajiya bai kai nan ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ya kai ba. Yanzu kowane dare ƙarfe goma kwamfutar na fitar da kwafi da kanta, ta duba girmansa, idan bai kai na jiya ba ta turo wa yaron saƙo a waya. Tsohon siton mai haruffa 64 mun bar shi wata guda kafin muka share. Da na koma karɓar buhun shinkafar gida, na tarar Hajiya ta sayo sabon littafi mai bangon kwali, jikarta na zaune a kan benci tana kwafe sunayen masu bashi daga allon kwamfuta da biro.